Tururuwar da Na Jera a Tsakiyar Alƙur'ani

Aikin zayyana wahala ne, duk wanda ya ce maka akwai daɗi a cikinsa bai taɓa yini a durƙushe kan falle ɗaya ba. Ya ci mini baya, ya ci mini ido, yanzu ko zare ba na iya zura wa allura. Shekara goma sha wani abu na yi ina yi, ban gina ko ɗaki da shi ba. Amma ba ciwon bayan ne ya sa na ɗauki biro ba. Wasu kwana biyu ne a cikin shekarun nan.

Ni ba malami ba ne. Izu bakwai na yi a allo na gudu. Bokon ma sai da na girma na shiga yaƙi da jahilci, da shi nake wannan ƙwaƙule-ƙwaƙulen. Abin da Allah ya ba ni hannu ne da ido. In na ga zane, zan sauke maka shi kamar tagwaye. Shi ya sa wani Alaramma a Kafin Dafga ya jawo ni jikinsa. Shi yana rubuta Alƙur'ani da ka, da hannunsa, warƙa-warƙa ba ɗinki, yadda ake yi a wurinmu. In ya zo inda ake ado sai ya bar fili, ni in cike. Alamar sumuni da rubu'i da izu a gefen shafi, sai manyan zayyana huɗu. Ta tsakiyar, wadda ke gaban Suratu Maryam, shafi guda take ci cur, kuma ita kowa ke fara nema in an buɗe gafaka, jakar fatar da ake ajiye Alƙur'anin.

Doka ɗaya ya kafa mini tun ranar farko. Ya ce, “Abin da ka gani shi za ka sauke. Kada ka ƙara, kada ka rage. Mai ƙari da mai ragi duk ɓarayi ne.” A kan wannan na tashi.

Wajen ƙarshen mulkin soja na tsakiyar shekarun tamanin ɗin nan, kafin a tare ruwan Challawa, dagacin wani gari can bayan Fulatan a ƙasar Rogo ya sa Alaramma ya rubuta masa Alƙur'ani. Sadaka zai yi wa mahaifinsa da ya rasu, a ajiye a sabon masallacin Juma'arsu. Alaramma ya shekara yana rubutu. Ni kuma na gama ƙananan alamomi duka, na gama manya uku, ta tsakiya ta tsaya mini. Duk abin da na sani na riga na yi shi sau ashirin. Na gaji da kaina.

Ran nan na je kasuwar Ƙaraye sayen ƙaro na haɗa tawada. Lokacin ana kawo tsofaffin mujallun Turawa dami-dami, masu ƙosai da masu tsire da 'yan koli su yi ta yaga suna ƙunshi. Mai ƙaron ya ƙunsa mini a wata takarda mai sheƙi. Da na warware a gida sai na manta da ƙaron.

Hoto ne ya cinye shafin duka. Murabba'i, cikinsa wani murabba'in, cikinsa da'ira, a tsakiyar da'irar tauraro mai tsini shida irin wanda malamanmu ke sakawa a hatimi. Ba mutum, ba tsuntsu, ba dabba. Launi uku kawai: ruwan zinare, ja mai duhu, da shuɗi kaɗan. Igiya biyu sun zagaye shi suna saƙa, wannan ta hau ta nutse, ta hau ta nutse. Na bi su da tsinke har na dawo inda na faro, babu inda ɗaya ta hau sau biyu a jere. Na ninke takardar a tsaye, gefe ya faɗa kan gefe. Na ninke a kwance, haka. Mu a nan daga baki muke farawa, mu yi ta cusa launi har farin takarda ya ɓace, in an zo tsakiya abin da ya rage a toshe shi da ko mene ne. Shi wannan mutumin daga cibiya ya faro, komai daga nan ya fito. Nauyin yana waje, ciki sakayau, kuma ya bar wa fari wurinsa bai ji kunya ba.

Sai layukan. Tauraron da da'irar ba da layi aka ja su ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen abubuwa ne a jere, kamar tururuwa ta kama hanya, kowanne bai fi ƙwayar riɗi ba. Wani ƙafa ɗaya, wani biyu, wani kamar ƙofar ɗaki. Ba su haɗe da juna kamar Larabci ba, ba su yi kama da boko ba. Na ce wannan wata irin saƙa ce ta mutanen gabas. Akwai Turanci layi huɗu a ƙasan hoton, amma lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba, ban ma dube shi ba.

Kwana goma sha tara na yi. Na ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa na sami cibiya. Da'ira da bakin kofin shayi na fitar da ita. Ba ni da zinare, na sa zarnik, ruwan ɗorawar da muke yi wa hamza. Na fere alƙalamin gamba har ya koma kamar ƙaya, na tsoma a tawadar bagaruwa, wadda in ta kama takarda ko ruwa ba ya fitar da ita. Na bi tururuwar nan ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙafa ɗaya na ba shi ɗaya, mai biyu na ba shi biyu. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Da na kai wa Alaramma, idonsa ya riga ya fara rauni a kan ƙananan abubuwa. Ya miƙe hannu da warƙar can nesa, ya daɗe yana kallo.

“Masha Allah. Ina ka samo wannan?”

“A kasuwa, Allah gafarta Malam.”

“Kasuwa ta yi albarka.”

Aka haɗa warƙoƙi, aka sa a gafaka, aka kai wa dagaci. Al'ada kuwa, Alƙur'anin hannu ba ya shiga masallaci sai gwanaye sun zauna sun bi shi warƙa-warƙa, ɗaya na riƙe da takarda, sauran na ja da ka, in akwai ɗigon da ya ɓata a fitar. Aka sa ranar Alhamis.

Ran Laraba bayan an tashi makaranta ƙanen matata ya biyo. Malamin firamare ne a Yammedi, abokin wasana ne, bakinsa ba ya hutawa. Ya tarar ina shara a akwatin kayan aikina, ya hango takardar mai sheƙi ya zare.

“Mijin Yaya, ashe ka fara karanta Turanci a ɓoye? Ka zo Litinin mu sa ka aji biyu, akwai benci a baya.”

“Ajiye mini, hannunka duk alli.”

Bai ajiye ba. Ya kai ido ƙasan hoton, leɓensa na motsi. Sai na ga dariyar ta tafi.

“Ka san mene ne wannan?”

“Zane ne.”

“Shafi ne daga littafin Yahudawa. Attaurarsu. Wai da hannu aka rubuta, shekaru aru-aru da suka wuce.”

“Yahudawa ma suna zayyana?”

“Ga ta kuwa a hannuna.” Ya ci gaba da karantawa. “Sun ce layukan nan ba layuka ba ne. Rubutu ne. Wai marubutan nasu sukan ƙanƙanta rubutu su lanƙwasa shi ya zama ado.”

Na ce ƙarya yake, tsokana ce irin tasa. Ya buɗe jakarsa ya ɗauko wani gilashi mai mariƙi na makaranta, wanda ke ƙara wa abu girma. Ya ɗora a kan tsinin tauraron ya ce in duba. Na duba. Tururuwata ta tashi ta zama haruffa, manya, tsaf, kowanne da kansa da ƙafarsa, har da 'yar tazara tsakanin kalma da kalma. Tazarar ma na sauke ta, na tuna sarai.

Na ce, “Me suka ce a ciki?”

“Ni Turanci na karanta, ba harshensu ba. Abin da aka rubuta a ƙasa dai, wai yawanci ƙidaya ce. Kalma kaza ta zo sau kaza a littafin, don kada mai kwafa ya ɓata. Wani wurin kuma ayoyinsu ne.” Ya dube ni. “Kai dai ba ka sauke shi a wani wuri ba ko?”

Na ci gaba da sharar akwatin.

“Mijin Yaya.”

“Na'am.”

“A allon sauka?”

“A'a.”

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. A hankali ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Tun da na auri yayarsa ban taɓa ganin ya rasa abin tsokana ba sai ranar.

Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Shekaru kaɗan ke nan da tarzomar da aka yi a birni, wadda aka ce wani malami ya zo da sabon addini, aka kashe mutanen da ba su ƙidayuwa. Bayanta kowa ido ya sa wa kowa. A ce wane ya taɓa Alƙur'ani, ba a tsayawa tambayar yaya aka yi. Kafin mai hankali ya sa takalmi, masu sanda sun gama. Ni kuma ba taɓawa na yi ba. Rubutun wani addini na ɗauko na dasa a tsakiyar littafin Allah, da tawadar da ba ta wankuwa, kuma gobe gwanaye uku za su sa masa ido.

Ga shi warƙar ba ta zaruwa haka kawai. A bayanta ƙarshen Suratul Kahfi ne da hannun Alaramma. In ka cire ta ka cire ayoyi.

Duk da haka na hau keke. Daga garinmu zuwa can tafiya ce, ga damina ta cinye hanya, wani wurin sai ka saɓa keken a kafaɗa. Ina tafe ina ƙulla ƙarya. Na ce zan karɓo warƙar in kwana in rufe haruffan da baƙi, su koma layi, ba wanda zai sani. La'asar sakaliya na isa. Dagaci na zaune a ƙofar gida kan buzu, ana shigo masa da shanu, yana yi wa makiyayan magana da Fillanci. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

“Ranka ya daɗe.”

“A'a, mai zayyana. Sannu da hanya. Yaya iyali? Yaya damina? Ka ga mutumin da ya fitar da ni kunya.” Ya juya ga na kusa da shi. “Shi ne ya yi ta tsakiyar nan.”

Suka yi ta sa albarka, kowace albarka kamar an ɗora mini dutse. Da aka gama gaisuwa na ce, “Ranka ya daɗe, zarnik ɗin warƙar tsakiya ne bai sha ƙaro sosai ba. Ina tsoron ya ɓare. Na ce ko a ba ni ita in gyara, in dawo da ita da safe.”

Ya yi dariya. “Ku masu sana'a ba kwa gamsuwa. Ni da kaina na shafa, ba abin da ya ɓare. Wakilin hakimi ya zo ya gani, ya ce ko a birni bai ga irinta ba. Kuma ka makara, na ba Liman ya kulle a akwati, na ce ba mai buɗewa sai gaban gwanaye. Magana ta fita.” Ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya. “Gobe ka zo da wuri, kusa da ni za ka zauna.”

Na sha nonon don kada a ga wani abu. A hanya na amayar da shi gindin wata ɗorawa.

Na tarar da matata tana kwashe tuwo, ƙanenta ya riga ya gaya mata. Na ce mata ina ganin zan bi motar rake in yi kudu, in zauna wurin ɗan'uwana har abin ya lafa. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, “To. In sun neme ka ba su gan ka ba, wa za su kama?”

Na zauna bakin tabarma.

“Tsohon nan za su kama. Hannunsa ne a bayan takardar.” Ta tura mini kwano. “Ci. Ko gudun ne ai sai da ƙarfi.”

Ban ci ba, ban kuma gudu ba. Ba jarumta ba ce. Na rasa ƙafar da zan gudu da ita ne.

Alhamis da hantsi muka isa, ni da ƙanen matata, takardar mai sheƙi na ninke a aljihuna. Ƙofar gidan dagaci cike. Samari sun zo kallon Alƙur'ani, an kafa tukwane, mata na leƙe ta katanga. Na duba yawan mutanen, na duba hanya ɗaya tak da ke fita garin. Ƙanen matata ya tsaya a waje, ni aka shigar da ni zaure.

Mu bakwai ne a ciki. Dagaci, Liman, Alaramma, gwanaye uku, da ni. Babban gwanin wani gajeren tsoho ne da ya yi karatunsa a gabas. An ce ya taɓa mayar wa wani da izu guda saboda ɗigo ɗaya. Na biyu shiru-shiru ne. Na ukun bai kai ni shekaru ba, dogo, yana magana kamar yana sara.

Aka yi addu'a, Liman ya buɗe akwati. Na sa rai za su faro daga Fatiha, in sami kwana biyu ko uku kafin su iso tsakiya. Sai dagaci ya ce, “Allah gafarta Gwani, kafin ku fara, ku ɗan wanke ido da wannan.” Da hannunsa ya zaro warƙar tsakiya ya miƙa.

Tsohon gwanin ya karɓa. Bai ce masha Allah ba. Ya kai ta dab da hancinsa, ya tashi ya je bakin ƙofa inda haske yake, ya juya ta, ya sake juyawa.

“Wa ya yi?”

“Ni ne, Allah gafarta Gwani.”

“Zo nan.” Na matsa da gwiwa. Ya ɗora farcensa a kan da'irar. “Ɗigon ado kama ɗaya yake. Naka ga wannan mai ƙafa biyu, ga shi nan, ga shi nan kuma, kuma duk inda ya je wannan gajeren na biye da shi. Abin da ke maimaita kansa haka magana yake yi. Me ka rubuta?”

Na sa hannu a aljihu na fito da takardar. Na shimfiɗa a gabansa. Na faɗi komai, tun daga ƙaro har gilashi. Ban san yadda na faɗa ba, na dai ji bakina ya ce Yahudawa.

Liman ya tashi ya saki asabarin ƙofa. Da duhun ya rufe mu na ce shi ke nan, yau ce.

Dogon gwanin ne ya fara. “A cikin littafin Allah. A gaban Maryam. Wannan ba abin da za a rufe ba ne, jama'a na da hakki su sani.”

Fuskar dagaci ta yi toka. Alaramma kuwa ƙasa yake kallo, carbinsa ya tsaya.

Tsohon ya ce, “Jama'a ba su gudu ba, suna nan. Wa ya karanta maka Turancin?”

Na ce ƙanen matata, yana waje. Aka ɗaga asabari aka kira shi. Ya shigo ya durƙusa, ya karanta layi huɗun nan ya fassara, muryarsa ta koma kamar ta ɗalibi. Tsohon ya ce ya sake faɗin wajen ƙidayar. Ya sake.

“Kalma kaza sau kaza?”

“Haka suka ce, Allah gafarta Gwani.”

Tsohon ya dubi na biyun. “Harji ke nan.” Harji shi ne ƙidayar da gwanayenmu ke sakawa a gefen shafi, kalma kaza sau nawa ta zo a Alƙur'ani, a ina da ina. “Ashe su ma suna da harji. Mu muna rataya shi a gefe, su sun yi gini da shi. Ba ni gilashin.”

Ƙanen matata ya zaro shi daga jakarsa ya miƙa. Tsohon ya ajiye hoton da warƙata gefe da gefe a bakin asabari inda haske ke shigowa. Ya bi su da gilashi, nan ya duba, can ya duba. Ban san tsawon lokacin ba. A waje ina jin samari na dariya, wani na cewa a buɗe mana mu gani. Ina ƙirga takun da ke tsakanina da kekena.

Da ya ɗago sai ya ce, “Bai tsallake ko ɗaya ba.” Ba yabo ba ne, yadda ake faɗin cuta ya faɗa. “Kai, ka san abin da ka rubuta?”

“Wallahi ban sani ba.”

“Na yarda. Wanda ya sani ba zai yi ba, in ma zai yi ba zai kawo shaidar a aljihunsa ba.” Ya taɓa hoton. “Mai wannan littafinsa ya ƙawata, ya ji tsoron ragi kamar yadda muke ji. Bai shigo namu ba. Kai ka ɗauko shi ka shigo da shi. Jahilci ne, ba ƙeta ba. Amma jahili mai hannu ya fi jahili mai baki ɓarna, don shi nasa zama yake yi.”

Dogon ya ce, “To a ƙone ta yanzu, a gabanmu.”

“Hayaƙi tambaya yake jawowa. Ka ga taron da ke waje? In ka ba su rabin magana, sauran rabin da sanda za su ƙarasa. Jinin wannan a wuyanka za ka ɗauka, ko a nawa?” Dogon ya buɗe baki, tsohon ya ɗaga masa hannu. “Kuma ka san ko akwai sunan Allah a cikin ƙananan nan? Ni ban sani ba. A bayanta ga Kahfi. A binne ta a wuri mai tsarki inda ƙafa ba ta bi. Wanda ya yi shi zai binne.”

Dogon bai gamsu ba, na ga haka a wuyansa. Ya dubi Liman, Liman ya dubi dagaci. Maganar dagaci ce ƙarshe, kuma shi na kunyata a gaban wakilin hakimi. Ya daɗe yana murza gemu.

Ya ce, “Jiya da ka zo, zarnik ka ce mini.”

“Na yi ƙarya, ranka ya daɗe. Tsoro ne.”

“Na ba ka nono.”



Ya juya ga sauran. “Za a ce wa mutane an sami gyara a warƙa ɗaya, an cire. Ba ƙarya a ciki. Abin da ya wuce haka, duk wanda na ji shi a bakinsa, daga zauren nan ya fita, kuma mu takwas ne.” Ya tsayar da ido a kan dogon har sai da ya ce, “Na ji.”

Sai a sannan Alaramma ya yi magana, kuma ba da ni ya yi ba. Ya ce, “Ni na ce masa kada ya ƙara, kada ya rage. Ban taɓa ce masa ya tambaya ba. Kuma an kawo mini na duba na sa albarka.” Ya share ido da bakin rawani. “Zan sake rubuta Kahfin. Ɗaya gefen fari zan bar shi.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, in ka yarda in yi wata, irin tamu ta da.”

“A'a.” Bai ɗaga murya ba. “Na yafe maka. Amma ba za ka ƙara taɓa mini takarda ba.”

Bai kuwa ƙara ba ni ba har ya rasu. Sauran alarammomin ma ba wanda ya gaya musu komai, amma sun ga ya daina, su ma suka daina. Na koma allon sauka da noma.

Liman ya naɗe warƙar a wani farin ƙyalle ya ba ni, na cusa a cikin riga. Aka ɗaga asabari. Sai da na ratsa taron nan kaf, takardar na manne da cikina. Wani saurayi ya riƙe mini hannu.

“Mai zayyana, yaushe za a nuna mana ta tsakiyar? An ce kamar ba hannu ya yi ba.”

Ƙanen matata ya ce, “Sai an gama dubawa. Sake shi, zazzaɓi yake yi.”

Ban iya hawa keken ba. Turawa na yi har muka wuce gonakin garin, ina jiran in ji an kira ni daga baya. Duk wanda ya taho a guje sai na ce ni ya biyo. Ko da muka kai kwalta ban daina waiwaye ba, kuma na fi shekara in na hango dogon gwanin nan a kasuwa sai in canza layi.

Washegari da na idar da Asuba, gari ya fara haske, na yi sabuwar alwala na ɗauki fartanya da ƙyallen na tafi gonata. Akwai wata tsamiya a kan iyaka inda ba a shuka, ba hanya. Na haƙa rami har gwiwa. Na buɗe ƙyallen na ƙara duban warƙar sau ɗaya, don ban taɓa yin aikin da ya kai ta ba, kuma na san ba zan ƙara ba. Hoton mai sheƙi na so in ajiye, har na mayar da shi aljihu. Na sake fito da shi, na ce shi ma littafin wasu ne, ya isa haka da ƙunshin ƙaro. Na naɗe su tare, na sa a ramin, na mayar da ƙasa, na jawo ƙayar bagaruwa na rufe saboda awaki. Daga nan na shiga masara na kama noma.